Shago na 141

Shafi na 23

Ƙuri'ar rabon shaguna ta Ƙungiyar Masu Hula da Zare ta tsaya a shago na 141 ranar Asabar, da ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in da bakwai na safe. Shaguna ɗari da arba'in sun riga sun sami masu su. Arba'in ɗin bakin titi, waɗanda kowa ya zo dominsu, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Mutum ɗari shida da ɗoriya ne suka ga tsayawar, wasu a farfajiyar sabon ginin ƙungiyar da ke bayan Ƙofar Wambai, wasu a wayoyinsu daga gida. Wadda ta rubuta manhajar ƙuri'ar, Sa'ida Sule, mai shekara ashirin da bakwai, tana zaune a gaban taron, hannuwanta biyu a kan cinya.

Maganar ta faro ne tun ƙarfe takwas, a zauren gidansu da ke unguwar Mandawari.

Alhaji Ashafa ne ya aika a kira ta. Shi ne shugaban ƙungiyar, kuma ƙanin mahaifinta marigayi. Ta same shi a kan darduma, da wata takarda a ninke ya danne ta da waya. Yayanta Nazeer yana tsaye jikin ƙofa, bai zauna ba, bai kuma dube ta ba.

Ta durƙusa.

"Baffa, ina kwana."

"Lafiya lau. Sakatare ya ce mini kin taɓa na'ura."

"Na gyara ta, Baffa."

"Wa ya ce miki ta lalace?"

"Mutum ɗari shida."

Bai yi dariya ba. Shi ma yana wurin ranar Asabar da ta wuce, lokacin da aka fara gwada yin ƙuri'ar.

A ranar an danna maɓalli, sai shafin ya yi fari fat a wayar kowa. Minti ɗaya, minti biyar, minti goma. Babu abin da ya lalace. Saba, wato babbar kwamfutar da ke yin aikin daga nesa, tana ta faman aikinta: ta zaro suna, ta duba shi a rajistar ƙungiya, ta gwada hoton mai shi da sauran hotuna don kada mutum ɗaya ya shiga sau biyu. Daƙiƙa biyar kowane shago. Shago ɗari da tamanin, minti goma sha biyar ke nan. Sai dai ba ta turo ko harafi ɗaya sai ta gama na ƙarshe. Tana tara sunayen ne, ta juye gaba ɗaya.

Babu ɗan kasuwar da zai zuba wa farin allo ido minti goma sha biyar. Mutane suka yi ta sake buɗe shafin. Kowace buɗewa ta tayar da sabuwar ƙuri'a. Da sakamako ya fito, jeri uku ne daban-daban. Wani ya ga sunansa a shago na goma sha biyu, ya leƙa wayar maƙwabcinsa ya ga sunan wani a wurin. Dole aka soke ƙuri'ar, aka ɗage ta zuwa wannan Asabar. Kafin azahar magana ta zaga kasuwa cewa 'yar Malam Sule ta sayar da ƙuri'a. Wata tsohuwa mai suna 'Yardada, wadda ke karɓo hulunan matan cikin gida ta kawo kasuwa, ta tofa yawu a gefen takalmin Sa'ida ta wuce.

"Me kika gyara?" in ji Alhaji Ashafa.

"Abu biyu. Na farko, ƙuri'a ɗaya ce yanzu. Ko mutum ya buɗe shafin sau ɗari, ita ɗin dai zai tarar tana tafiya."

"Wannan ya yi."

"Na biyu, ba za ta ƙara tara sunaye ba. Duk sunan da ta tantance, a take za ta turo shi wayar kowa. Shago na ɗaya, suna. Shago na biyu, suna. Tana aiki, ana gani."

Kwana biyu ta yi tana neman inda sunayen ke maƙalewa. Ta sa sabar ta riƙa sakin kowane layi da zarar ta rubuta shi, amma shafin ya ci gaba da zama fari. Daga baya ta gano akwai wata na'ura a tsakani da ke sake tare su, ba ta barin su wuce sai sun taru da yawa. Ta buɗe wannan ma. Ba ta faɗa wa Baffa duk wannan ba. Bai tambaya ba.

Ya ce, "Ki mayar da na biyun yadda yake."

"Farin shafin?"

"Farin shafin. Na'ura ta gama aikinta, kwamiti ya duba, sannan a saki."

"Kwamiti ya duba me, Baffa?"

Ya ɗauke wayar daga kan takardar, ya tura mata da yatsa biyu.

Sunaye arba'in ne, da rubutun hannunsa. Kowane suna da lambar shago a gabansa, daga 141 zuwa 180. Ta karanta daga sama. A layi na tara ta tsaya.

Nazeer Sule.

Ta ɗago ta dubi yayanta. Yana kallon titi.

"Kafin ki buɗe baki, ki saurara," in ji Alhaji Ashafa. "Waɗannan ba ɓarayi ba ne. Alhaji Bashir shekararsa talatin da ɗaya a ƙungiyar nan. Lokacin da rufin tsohuwar rumfa ya rufta, shi ya kwashe kayan mutane ya adana a gidansa wata huɗu. Malam Mikail ƙafarsa ta kumbura wajen bin takardun filin nan. Kina so wanda ya zo birni bara da jakar zare ɗaya ya zauna a bakin titi, su kuma su ƙare a bayan banɗaki?"

"Ba na so."

"To?"

"To a tashi a gaban mutane a faɗa musu haka. A ce arba'in na dattawa ne, a cire su daga ƙuri'a, a yi ta sauran."

"Ba za su yarda ba."

"Na sani, Baffa."

Ya gyara zama a kan dardumar.

"Ke yarinya ce. Kin iya kwamfuta, ba ki iya mutane ba."

"Watakila. Amma an yi shela an ce ƙuri'a ce, shago ɗari da tamanin, kuma sunana aka ambata a shelar. Ni aka tofa wa yawu, ba kwamiti ba."

"Da ubanki yana da rai, da ba ki zauna a gabana kina mayar mini da magana ba."

"Da Malam yana da rai, da ba a nemi kwamfuta ba."

A waje wani mai adaidaita yana ta danna hon, ana ce masa lungun ba ya ɓullewa.

Ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba.

"Shekara goma sha tara Malam yana zarar ƙuri'ar ƙungiyar nan a cikin hula. Kai ne kake riƙe masa hular. Bai taɓa mayar da hannu karo na biyu ba sai ya karanta takardar farko da ƙarfi, na can bayan taro ya ce ya ji. Ban ƙirƙiro komai ba, Baffa. Abin da yake yi na koya wa na'ura."

"Kada ki ƙara kawo mini sunan ɗan'uwana."

"Kai ka fara kawo shi."

Nazeer ya juyo. "Sa'ida!"

Alhaji Ashafa ya ɗaga masa hannu. Ya ɗauki takardarsa, ya ninke ta a hankali, ya sa a aljihun gaba.

"Akwai maɓallin tsayarwa a jikin abin nan, ko ba haka ba?"

"Akwai. Kwamiti ne ya ce a saka, ko da wata matsala za ta taso."

"Mutum nawa ke iya danna shi?"

"Uku. Kai, da sakatare, da ni. Kowa da kalmar sirrinsa." Ta gyara mayafinta. "Amma gara in faɗa maka tun yanzu. Duk wanda ya danna, na'ura ba za ta tsaya shiru ba. Za ta turo layi ɗaya na ƙarshe: an tsayar da aikin nan da hannu, ga lokaci, ga sunan mai kalmar sirrin da aka shiga da ita. Kowa zai gani a wayarsa."

Ta faɗi hakan ne don ta rufe masa ƙofa. Ya gyaɗa kai sau biyu, kamar wanda aka ba shi labarin farashin zare.

"Tashi ki je. Allah ya yi miki albarka."

Nazeer ya biyo ta har bakin lungu.

"Kin ga sunana."

"Na gani, Yaya."

"Shekara takwas ina kasa hula a kan tebur. Rana ta ci launin rabin kayana. Ruwan sama ya sauko, in kwashe in ruga. 'Ya'yana uku, Sa'ida."

"Sunanka yana cikin ƙuri'a kamar na kowa. Zai iya fitowa a bakin titi."

"Zai iya! Mutum ɗari shida, shago arba'in, kina ce mini zai iya." Ya yi tsaki. "Kwana uku na rufe tebur ina yawo lungu-lungu a kasuwa da wayata, ina shiga da kalmar sirrinki ina gwada miki ko abin yana buɗewa inda sabis ba ƙarfi. Lokacin ina yayanki. Yau kuma na zama kamar kowa."

"Ban manta ba."

"To ki tuna yanzu."

"Yaya, in na mayar da farin shafi, kai za ka sami shago. Ni kuma duk inda na bi a garin nan sunana wadda ta sayar da ƙuri'a. Kuma a wannan karon gaskiya za su faɗa."

Ta tare adaidaita ta hau.

Ƙarfe goma sha ɗaya farfajiyar ta cika. An kafa babban allo a jikin bangon bene, an jona shi da shafin. An jera kujerun kwamiti a gefen dama. Sakataren ƙungiya, Malam Abdulhakeem, mutum mai sanyin magana, yana riƙe da makirufo. Nazeer ya jingina da ginshiƙi na uku daga ƙofa, hannunsa a aljihu.

'Yardada ta ture maza biyu ta zo sahun gaba, da ƙullin huluna a kanta. Ta sauke shi ta zauna a kai.

"'Yar Malam Sule."

"Na'am, Iya."

"Yau ma farar takardar za ki nuna mana? In ita ce ki faɗa, in je in yi cefane in dawo."

Aka yi dariya.

"Yau za ki gani, Iya."

"Ni ba na karatu. Ji nake yi."

"To za ki ji."

Al'adar ƙungiya ce a fara da shagunan ciki a ƙare da na bakin titi, don kada taro ya watse. Ba a sauya wannan ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti talatin da biyar Sa'ida ta danna maɓalli. Sannan ta rufe kwamfutarta, ta ɗora wayarta a kai, ta tura su gaban Malam Abdulhakeem. Ta koma kujerarta ta ɗora hannuwa a cinya.

Allon bai yi fari ba. Layi ya fito a sama: An fara. Ƙarƙashinsa: Shago na 1. Sai ɗigo ya bayyana. Sai wani. Ta sa sabar ta riƙa turo ɗigo ɗaya kowace daƙiƙa, don a san tana raye. A ɗigo na biyar suna ya fito.

Malam Abdulhakeem ya karanta: "Shago na ɗaya, Zaharaddeen Mai Zare."

'Yardada ta juya ta dubi bayan taro.

"Ku na baya, kun ji?"

Sai wani dattijo daga can wajen ƙofa ya ɗaga murya.

"Mun ji!"

Daga shago na huɗu ba sai an tambaya ba. Sakatare ya karanta, bayan taro ya amsa. Matasa suka fara ƙirga ɗigon da baki: ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai suna. Wani ya sake buɗe shafin a wayarsa sau uku don ya kama ta da ƙarya, ya tarar da jerin nan dai, ya nuna wa na kusa da shi.

"Wallahi iri ɗaya ne."

"To da me kake so ya zama? Tuwo?"

A shago na sittin da biyu sunan Alhaji Bashir ya fito. Shagon yana layin baya, kusa da matakala. Shi kuwa Alhaji Bashir yana cikin arba'in ɗin da ke takardar aljihun Alhaji Ashafa. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Mutum ɗari shida sun gani, sun kuma ce sun ji. Babu kwamitin da zai iya ɗauke shi daga nan.

Alhaji Ashafa bai motsa ba. Wayarsa tana kife a kan gwiwarsa. Sa'ida ta lura bai taɓa ta ba ko sau ɗaya.

Shago na casa'in. Na ɗari da goma. Sunan Malam Mikail ya fito a na ɗari da goma sha takwas. Sa'ida tana ƙirgawa a zuci: mutum bakwai daga takardar Baffa sun riga sun faɗa shagunan ciki. Sunan Nazeer bai fito ba. Na 'Yardada ma haka.

Shago na ɗari da arba'in.

"Jamila Mai Allura."

"Mun ji!"

Taron ya matso gaba. Waɗanda ke zaune suka miƙe. A allo aka ga: Shago na 141.

Ɗigo ɗaya.

Ɗigo biyu.

Na uku bai zo ba.

Matasan da ke ƙirgawa suka ce "uku" su kaɗai, suka yi shiru. Sai layi ya fito, a babban allo da kowace waya a lokaci guda. Malam Abdulhakeem ya kai makirufo baki, ya karanta rabin farko, muryarsa ta tsaya. Wani daga cikin taron ya ƙarasa masa da ƙarfi.

"An tsayar da aikin nan da hannu, ƙarfe 11:47. Kalmar sirrin da aka shiga da ita: ta Sa'ida Sule."

Hayaniya ta tashi.

"Ba mun faɗa ba!"

"A daidai bakin titi! A daidai bakin titi ta tsayar!"

"Dama wasa take mana da ɗigo!"

Alhaji Ashafa ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya karɓi makirufo daga hannun sakatare.

"Jama'a, a yi haƙuri. A yi haƙuri. 'Yata ce, kuma abin ya fi yi mini ciwo fiye da kowa. Tun da na'ura ta nuna ba abin dogaro ba ce, kwamiti zai zauna ya kammala sauran arba'in ɗin cikin natsuwa, a liƙa muku sunaye ranar Litinin."

Sa'ida ta tashi. Ba ta nemi makirufo ba.

"Na'ura ba ta yi ƙarya ba."

Na kusa suka ji, suka fara cewa a yi shiru.

"Ni na rubuta layin nan, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Da kalmar sirrina aka shiga. Amma ba hannuna ya danna ba. Ga kwamfutata can a rufe, ga wayata a kanta. Ɗari da arba'in sun fita, suna wayoyinku, babu mai goge su. Arba'in ɗin da suka rage kuma ba za a raba su a ɗaki ba. Ba da sunana ba."

"Zauna, Sa'ida," in ji Alhaji Ashafa.

"Ba zan zauna ba, Baffa."

'Yardada ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta kwance ƙullinta, ta zaro hula ɗaya, sabuwa, ko wanki ba a yi mata ba. Ta zo ta dire ta a kan teburin kwamiti, bakinta a sama.

"Ni dai tun da aka fara idona yana kan hannun yarinyar nan, don na zo ne in kama ta. Ko ƙuda ba ta kora ba." Ta nuna hular. "Alhaji, ga hula. Ka san yadda ake riƙe ta. A yanko takarda."

"Iya, wannan ba lokacin—"

"Ban gama ba."

Ta juya ga Sa'ida. Ta miƙa hannu ta zare makirufo daga hannun shugaban ƙungiya, kamar tana karɓar ludayi a hannun jikarta, ta danƙa wa Sa'ida.

"'Yar Malam Sule, kin ce komai a fili. To a fili. Kin ce ba ke ba ce, na yarda. Amma kalmar taki ce. Wa kika ba?"

A babban allo, shago na 141 yana nan da ɗigo biyu a gabansa.

Mutum ɗaya ta taɓa ba wa kalmar.

Ta dubi ginshiƙi na uku daga ƙofa. Babu kowa a jikinsa.